Los Angeles Dodgers a kakar 2024: tambayoyi da amsoshi kan 'yan wasa, musaya da kofin World Series

Hular nan mai haruffan LA da waccan mai NY da samari ke karkatawa a ka, duk na ƙungiyoyin besbol ne na Amurka. A watan Oktoba 2024 masu hulunan biyu suka haɗu a wasan ƙarshe, Los Angeles Dodgers ta doke New York Yankees ta ɗauki kofi karo na takwas a tarihinta. Ga amsoshin tambayoyin da mai son bin labarin zai iya yi.

Ban taɓa kallon besbol ba. Me ya kamata in sani tukuna?

Kowane ɓangare 'yan wasa tara ne a fili, wasan kuma turmi tara ne. A kowane turmi ƙungiya ɗaya takan riƙe gora tana duka, ɗayar tana jifa da tsaron fili. Idan masu tsaro suka fitar da mutum uku sai a juya. Mai jifa yana tsayawa kimanin mita 18 daga mai duka, ƙwallon kuma takan wuce gudun kilomita 150 a awa. Wanda ya daki ƙwallo sai ya sheƙa zuwa tasha ta farko, daga nan ta biyu, ta uku, ya dawo gida. Dawowa gida shi ne maki ɗaya. In ya daka ta tsallake katanga, wato hom-ran, shi da duk abokansa da ke tsaye a tashoshi sun ci maki ke nan. Wanda ke kan tasha yana iya fizgewa zuwa ta gaba a lokacin da hankalin mai jifa yake kan mai duka, wannan ita ce satar tasha.

Ba a tashi canjaras. In turmi tara ya ƙare ana kunnen doki, sai a ci gaba har sai wani ya yi rinjaye.

Yaya tsarin kakar yake?

Ƙungiyoyi 30 ne a babbar gasar MLB, an raba su gida biyu, National League da American League, kowane gida kuma rukuni uku. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan. Ba a faɗuwa zuwa ƙaramar gasa kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa. Ƙungiyoyi 12 ke shiga wasannin fitar da gwani na Oktoba, kuma a nan ba wasa ɗaya ake yi ba: akwai zagayen da wanda ya fara cin wasa uku cikin biyar ya wuce, sai zagaye biyu na ƙarshe da ake neman huɗu cikin bakwai. Na ƙarshen shi ne World Series, tsakanin zakarun gidajen biyu.

Dodgers sun ci wasa 98, an ci su 64. Babu wanda ya kai su a shekarar, don haka aka ɗauke musu zagayen farko.

To tunda su ne gaba, me ya sa magoya bayansu suka shiga Oktoba da fargaba?

Saboda sun sha ganin haka. Tun 2013 ba a yi Oktoban da ba da Dodgers ba, amma kofi ɗaya tak suka tsira da shi, na 2020, shekarar korona, lokacin da aka taƙaita kakar zuwa wasa 60. Abokan hamayya ba su daina yi musu gori a kan wannan kofi ba. Sun kai wasan ƙarshe a 2017 Houston Astros ta doke su, sun koma a 2018 Boston Red Sox ta doke su. A 2022 sun ci wasa 111, San Diego Padres ta fitar da su a karon farko da suka fito. A 2023 sun ci 100, Arizona Diamondbacks ta share su uku ba ko ɗaya. Koci Dave Roberts, wanda ke riƙe da ƙungiyar tun 2016, ya shiga wannan kaka ana ta maganar cewa in aka sake irin wannan faɗuwa kujerarsa na rawa.

Su wa suka ɗauko kafin a fara kakar?

Na farko Shohei Ohtani, ɗan Japan, wanda ya yi shekara shida a maƙwabciyarsu Los Angeles Angels ba tare da ya taɓa buga wasan Oktoba ko sau ɗaya ba. A Disamba 2023 ya sa hannu kan shekara 10 a dala miliyan 700. Ba a gama wannan magana ba suka ɗauko Yoshinobu Yamamoto daga Orix Buffaloes ta Japan, shekara 12 a dala miliyan 325, ban da sama da miliyan 50 da aka biya tsohuwar ƙungiyarsa. Yaro ne ɗan shekara 25 da bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya a gasar Amurka ba, amma aka ba shi kwantiragin da ya zarce na kowane mai jifa a tarihi, ya ɗara na Gerrit Cole na Yankees da miliyan ɗaya.

Sai Tyler Glasnow, mai jifa, da aka yi musayarsa daga Tampa Bay Rays aka tsawaita masa zuwa shekara biyar a dala miliyan 136.5. Sai Teoscar Hernández, ɗan Jamhuriyar Dominika, shekara ɗaya a miliyan 23.5. Wannan na ƙarshen bai ja hankalin jaridu ba a lokacin, amma sunansa zai yi ta dawowa a ƙasa. Duka waɗannan sun tarar da Mookie Betts da Freddie Freeman da Clayton Kershaw, waɗanda kowannensu ya taɓa zama gwarzon ɗan wasan gasa.

Da gaske ne dala miliyan 2 kacal Ohtani ke karɓa a shekara?

Gaskiya ne. Daga cikin miliyan 70 na kowace shekara, biyu yake karɓa, sauran 68 an jinkirta. Za a riƙa biyansa miliyan 68 duk shekara daga 2034 zuwa 2043, ba ruwa a kai. Rahotanni sun ce shi da kansa ya kawo shawarar, domin kuɗin talla da yake samu a Japan da Amurka sun ishe shi, kuma yana son ƙungiyar ta samu sararin ɗauko wasu.

Amfanin wannan ga Dodgers yana wajen haraji. A besbol ba a ƙayyade wa ƙungiya iyakar albashi ba, sai dai wadda ta wuce wani adadi, dala miliyan 237 a 2024, tana biyan harajin wuce iyaka. Tunda kuɗin da za a biya nan da shekara goma ba su kai darajar na yau ba, sai aka lissafa kwantiragin Ohtani a kusan miliyan 46 a shekara maimakon 70. Dokar gasar ta yarda da haka, kuma kowace ƙungiya na iya yi, in ta samu ɗan wasan da zai yarda ya jira.

Mene ne labarin tafintansa?

An buɗe kakar a birnin Seoul na Koriya ta Kudu ranar 20 ga Maris, da Padres. Suna can labari ya fashe cewa an tura maƙudan kuɗi daga asusun Ohtani zuwa wani mai karɓar cacar wasanni ba bisa doka ba. Ƙungiyar ta sallami tafintansa Ippei Mizuhara nan take. Binciken gwamnatin tarayya ya nuna ya kwashe kusan dala miliyan 17 daga asusun maigidansa don biyan bashin caca, har yakan kira banki yana cewa shi ne Ohtani. Ya amsa laifinsa, kuma a Fabrairu 2025 aka yanke masa wata 57 a gidan yari. Masu gabatar da ƙara sun ce Ohtani cutarsa aka yi, hukumar gasar ma ta rufe nata binciken ba ta same shi da komai ba.

A wasa na biyu a Seoul ɗin ne Yamamoto ya fara jifa. Turmi ɗaya ya yi, aka ci maki biyar a kansa, aka cire shi. Masu cewa an yi asarar miliyan 325 ba su jira kwana biyu ba.

Me ake nufi da 50-50?

Hom-ran 50 da satar tasha 50 a kaka ɗaya. Abu biyu ne da ba su cika haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba, domin masu ƙarfin duka yawanci masu nauyi ne, masu gudu kuma sirara. Kafin 2024 mutum biyar ne kawai suka taɓa haɗa 40 da 40, ba wanda ya kai 50 da 50.

Ohtani ya shahara ne da yin aikin mutum biyu, jifa da duka. Amma an yi masa tiyata a gwiwar hannu a Satumba 2023, saboda haka a 2024 bai yi jifa ba, bai tsare fili ba, duka kawai. Ƙarfin da ya rage masa sai ya zuba a gudu. Ranar 19 ga Satumba a Miami ya fito sau shida, ya daki ƙwallo lafiya sau shida, uku daga ciki hom-ran, ya saci tasha biyu, maki goma suka shigo ta hannunsa, aka tashi 20 da 4. A ranar ya cika 50-50, a ranar kuma Dodgers suka tabbatar da gurbinsu na Oktoba. Ƙwallon hom-ran na 50 an yi gwanjonta sama da dala miliyan huɗu. Ya ƙare kakar da hom-ran 54 da sata 59, kuma duk masu jefa ƙuri'a suka zaɓe shi gwarzon National League, ba wanda ya saɓa.

Idan suna da irin waɗannan taurari, ina wahalar take?

A ɗakin likita. Masu buɗe jifa, wato waɗanda ke fara jifa a wasa, su ne ƙashin bayan ƙungiyar besbol, kowace tana buƙatar biyar da za su riƙa karɓa-karɓa. Na Dodgers kuwa ɗaya bayan ɗaya suka riƙa zubewa. Yamamoto ya ji ciwo a kafaɗa a tsakiyar Yuni, bai dawo ba sai Satumba. Glasnow gwiwar hannu ta kama shi a Agusta, bai sake jifa ba a shekarar. Gavin Stone, matashin da ya fi kowa riƙe musu aiki, kafaɗa ta ɗauke shi a Satumba. Kershaw ya dawo daga tiyatar kafaɗa a Yuli, ya buɗe wasa bakwai, ɗan yatsan ƙafa ya zaunar da shi. Walker Buehler ya dawo daga tiyatar gwiwar hannu karo na biyu, amma ba Buehler ɗin da aka sani ba ne: wasa ɗaya aka rubuta masa nasara, shida faɗuwa.

Masu duka ma ba su tsira ba. Betts, wanda aka ɗauko daga bakin katanga aka sa shi tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, aikin da ya fi kowanne wuya a cikin fili, ƙwallo ta karya masa hannun hagu ranar 16 ga Yuni, ya yi kusan wata biyu a waje. Max Muncy ya yi wata uku. Freeman ya bar ƙungiyar na 'yan kwanaki a ƙarshen Yuli saboda ƙaramin ɗansa na kwance a asibiti rai a hannun Allah, sannan ranar 26 ga Satumba, ana dab da shiga Oktoba, ya gurɗe idon sawun dama. Sai bayan an ɗauki kofi aka bayyana cewa har da karaya a guringuntsin haƙarƙari yake wasa.

Da masu buɗe jifa uku suka shiga Oktoba, ɗaya bai daɗe da tashi daga jinya ba, ɗaya bai dawo hayyacinsa ba, na ukun kuma baƙo ne da aka ɗauko a Yuli.

Wace musaya aka yi a tsakiyar kaka?

A besbol ba a cika sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi daga wata ƙungiya ba, musaya ake yi. Ƙungiyar da ta ga ba za ta kai Oktoba ba takan ba da ƙwararrunta, ta karɓi yara masu tasowa. Ana rufe wannan kasuwa a ƙarshen Yuli, a 2024 ranar 30 ga wata.

Andrew Friedman, wanda ke kula da harkar 'yan wasa, ya ɗauko Jack Flaherty daga Detroit Tigers, mai buɗe jifa kuma ɗan yankin Los Angeles. A wata musaya ta ƙungiyoyi uku ya samo Michael Kopech daga Chicago White Sox da Tommy Edman daga St. Louis Cardinals. Kopech ya tashi daga ƙungiyar da aka ci wasa 121 a shekarar, mafi muni a tarihin zamani, ya faɗo ƙungiyar da ta fi kowa. Edman kuwa ko wasa ɗaya bai buga ba a kakar lokacin da aka ɗauko shi, yana jinyar wuyan hannu, sai 19 ga Agusta ya fara fitowa. An kuma kawo Kevin Kiermaier daga Toronto don tsaron fili. A ɗaya ɓangaren James Paxton ya koma Boston, Miguel Vargas ya tafi White Sox, aka sallami Jason Heyward a Agusta don a samu gurbi.

A ganina waɗannan kwanaki biyu na ƙarshen Yuli sun yi wa Dodgers aiki a Oktoba daidai da kuɗin Disamba, ko ma fiye.

Wane zagaye ne ya fi tayar musu da hankali?

Na farkon da suka buga, da Padres. Sun ci wasan farko 7 da 5, aka lallasa su 10 da 2 a na biyu, a gidansu, har 'yan kallo suka riƙa jifan 'yan wasan Padres da ƙwallaye da tarkace aka dakatar da wasa na ɗan lokaci. Na uku aka ci su 6 da 5 a San Diego. Saura faɗuwa ɗaya su koma gida karo na uku a jere, ga shi ba su da mai buɗe jifa a wasa na huɗu, Freeman ma ƙafa ta hana shi fitowa.

Roberts ya haɗa wasan da 'yan canji zalla, waɗanda aikinsu turmi ɗaya ko biyu ne a ƙarshen wasa. Mutum takwas suka yi jifa a daren, Padres ba su ci ko maki ɗaya ba, aka tashi 8 da nema. Wasa na biyar ya haɗa Yamamoto da Yu Darvish na Padres, karon farko da 'yan Japan biyu suka buɗe jifa suna fuskantar juna a wasan Oktoba. Darvish ya yi ƙoƙari, kuskure biyu kawai ya yi, Kiké Hernández da Teoscar Hernández kowa ya tsallakar da ɗaya. 2 da nema. Padres sun yi turmi 24 na ƙarshe ba su ga maki ba.

Sai New York Mets?

Wannan ya zo da sauƙi, huɗu da biyu. Flaherty ya buɗe da turmi bakwai ba a ci shi ba, aka tashi 9 da nema, wanda ya kai jerin turmin da ba a ci Dodgers maki ba zuwa 33, daidai da tarihin da Baltimore Orioles ta kafa a 1966. Abin lura a nan shi ne dabarar Roberts: duk wasan da ya ga ya kuɓuce, ba ya ƙona ƙwararrun 'yan canjinsa a kai, sai ya bar wa na baya su ƙarasa ko da za a sha kashi mai yawa. An ci su 12 da 6 a wasa na biyar, bai damu ba, ya dawo da mutanensa a huce a na shida. Edman ya shigo da maki 11 a zagayen, aka ba shi kyautar gwarzo.

Me ya sa haɗuwa da Yankees ta fi kowace girma?

Tsohuwar gaba ce. Asalin Dodgers 'yan unguwar Brooklyn ne a New York, a can Jackie Robinson ya karya shingen wariyar launin fata a 1947, sai a 1958 suka ƙaura Los Angeles. Wannan ne karo na 12 da suka haɗu da Yankees a World Series, ba wasu ƙungiyoyi biyu da suka haɗu haka, kuma rabon da a yi tun 1981. Tauraron Dodgers na waccan shekara, Fernando Valenzuela ɗan Meziko, ya rasu ranar 22 ga Oktoba 2024, kwana uku kafin a fara. 'Yan wasan sun buga da lambarsa 34 a jikin rigunansu.

Me ya faru a wasan farko da har yanzu ake nunawa?

Ranar 25 ga Oktoba ne, a filin Dodger Stadium. An ƙare turmi tara 2 da 2, Yankees suka ci ɗaya a na goma. Dodgers na da mutum biyu a tashoshi, Ohtani zai fito. Kocin Yankees Aaron Boone ya kira Nestor Cortes, wanda ya fi wata guda bai yi jifa ba saboda ciwon hannu. Cortes ya fitar da Ohtani. Saura mutum ɗaya. Sai Boone ya ba da umarni a bar Betts ya wuce zuwa tasha ta farko kyauta, ya gwammace a fuskanci Freeman mai ɗingishi. Jifan farko Freeman ya aika da ita cikin 'yan kallo, maki huɗu a duka ɗaya, 6 da 3. Ba a taɓa rufe wasan World Series da irin wannan duka ba.

Dattawan magoya baya sun tuna 1988, lokacin da Kirk Gibson ya fito yana ɗingishi a wannan fili, a wasan farko, ya rufe wasa da hom-ran zuwa wannan ɓangare na katanga.

Wasanni na biyu zuwa na huɗu fa?

Na biyu da na uku duk 4 da 2 Dodgers suka ci. A na biyu Yamamoto ya yi turmi shida da ɗoriya, sau ɗaya kawai aka daki ƙwallonsa lafiya, hom-ran ɗin Juan Soto. A wasan ne Ohtani ya goce kafaɗar hagu wajen satar tasha. Ya ci gaba da fitowa amma ba ƙarfi, sau biyu kawai ya samu duka mai kyau cikin fitowa 19 a zagayen, bayan an gama aka yi masa tiyata. A na uku Buehler ya yi turmi biyar ba maki a kansa. Na huɗu Yankees suka ci 11 da 4, a daren da wasu 'yan kallo biyu suka riƙe hannun Betts suka ɓamɓare ƙwallo daga safarsa, aka fitar da su daga fili. Freeman ya yi hom-ran a duka wasanni huɗun.

Yaya aka yi Yankees suka zubar da 5 da nema a wasa na biyar?

Da hannunsu. Aaron Judge da Jazz Chisholm da Giancarlo Stanton duk sun tsallakar da ƙwallo, an kori Flaherty tun a turmi na biyu, Cole kuma ya yi turmi huɗu ba wanda ya iya dukansa. A na biyar Kiké Hernández ya samu tasha ta farko. Edman ya ɗaga ƙwallo mai sauƙi, Judge ya sake ta, kuskurensa na farko a duk shekarar. Will Smith ya buga ta ƙasa, Anthony Volpe ya ɗauka ya yi mugun jifa zuwa tasha ta uku. Tashoshi suka cika. Cole ya dage ya fitar da Gavin Lux da Ohtani, saura ɗaya ya tsira ba asara. Betts ya buga wata mai rauni wajen Anthony Rizzo a tasha ta farko. A irin wannan hali aikin mai jifa ne ya ruga ya tsaya a tashar, abin da ake koya wa yara. Cole ya tsaya yana nuni da yatsa, Rizzo yana jiran ya zo, Betts kuwa bai sassauta gudu ba. Maki ɗaya. Freeman ya kawo biyu, Teoscar ya kawo biyu, 5 da 5.

Yankees sun sake wucewa 6 da 5, Dodgers suka ci biyu a turmi na takwas. Blake Treinen ya riƙe turmi biyu da ɗoriya, fiye da abin da ya saba. Na tara ya rage ba wani amintacce a benci, sai Buehler, wanda ya buɗe wasa kwana biyu kafin nan, ya miƙa kansa. Ya fitar da mutum uku a jere. Ba a taɓa farfaɗowa daga ramin maki biyar a wasan ɗaukar kofi ba sai ranar. Freeman ya zama gwarzo da maki 12, daidai da tarihin Bobby Richardson na 1960. An yi jerin gwanon murna ranar 1 ga Nuwamba, ranar haihuwar Valenzuela, abin da korona ta hana su a 2020.

Ba kawai sayen kofin suka yi ba?

Masu faɗin haka ba su rasa hujja ba. Ƙungiyar na da yarjejeniyar talabijin ta shekara 25 da ta haura dala biliyan takwas, kusan mutum miliyan huɗu suka sayi tikiti a 2024, kuma harajin wuce iyaka kaɗai da suka biya ya kai dala miliyan 103, kuɗin da ya fi albashin wasu ƙungiyoyi gaba ɗaya. Magoya bayan ƙananan garuruwa irin su Pittsburgh na da dalilin jin haushi.

Sai dai a dubi abin da kuɗin ya yi. Mets da Yankees da suka doke, su ma suna sahun gaba wajen kashe kuɗi. Mai miliyan 700 bai taɓuka komai ba a World Series, mai miliyan 136.5 yana zaune a benci, Kershaw ma haka. Abin da kuɗin ya saya musu shi ne su rasa masu buɗe jifa uku da Betts na wata biyu, su kuma ci wasa 98. Ƙaramar ƙungiya rabin wannan rauni ya isa ya kashe mata kaka. Sannan suna da yara masu tasowa da yawa a ƙananan ƙungiyoyinsu, da su aka biya Flaherty da Edman da Kopech. Wasannin da suka yanke hukunci kuwa, na huɗu da Padres da na biyar da Yankees, 'yan canji ne suka ɗauke su, wasunsu ma wasu ƙungiyoyi sun riga sun yar da su.

Bayan kofin, wa ya tafi, wa ya zo?

Buehler ya koma Boston kan shekara ɗaya, Flaherty ya koma Detroit inda ya fito, aka yi musayar Lux zuwa Cincinnati Reds, Kiermaier da Daniel Hudson suka yi ritaya. An riƙe Teoscar da shekara uku a dala miliyan 66, Edman shekara biyar a miliyan 74, Treinen shekara biyu.

Sababbin sun nuna darasin da ƙungiyar ta ɗauka, ba ta son sake shiga Oktoba da masu buɗe jifa uku. Blake Snell ya zo kan shekara biyar a miliyan 182. Roki Sasaki ya zo daga Chiba Lotte Marines ta Japan a Janairu 2025, kuma saboda bai kai shekara 25 ba doka ta hana a yi gwanjonsa, miliyan 6.5 kacal aka ba shi na sa hannu. Sai Tanner Scott da Kirby Yates a cikin 'yan canji, Michael Conforto a bakin katanga, da Hyeseong Kim daga Koriya ta Kudu.

Sauye-sauyen sun yi amfani a 2025?

Sun sake ɗaukar kofin, ƙungiya ta farko da ta yi haka a jere tun Yankees na 1998 zuwa 2000, amma lamarin ya juye. A wannan karo masu buɗe jifa ne suka yi ƙarfi, 'yan canjin da aka kashe wa kuɗi suka ba da kunya, har sai da aka mayar da Sasaki mai rufe wasa a Oktoba. Sun ci wasa 93, suka wuce Cincinnati da Philadelphia da Milwaukee. Ohtani ya dawo jifa a Yuni, kuma a wasan da suka fitar da Milwaukee ya yi hom-ran uku, ya fitar da mutum goma da jifansa.

Wasan ƙarshe da Toronto Blue Jays ta Kanada ya kai bakwai. Na uku ya ɗauki turmi 18 kafin Freeman ya rufe shi da hom-ran. A na bakwai saura mutum biyu Toronto ta ɗauki kofi Miguel Rojas ya farke wa Dodgers, Will Smith ya ci na nasara a turmi na 11, aka tashi 5 da 4. Yamamoto, wanda ya yi turmi shida a daren da ya gabata, shi ya dawo ya rufe wasan, ya karɓi kyautar gwarzo da nasara uku a zagayen. Kershaw ya yi ritaya bayan wannan kaka, shekara 18 a ƙungiya ɗaya.